Sai Bango Ya Tsage: Magani Ake Sayar Mana da Sunan Man Shafawa

Jama'a, duk mai zuwa biki ko suna a Gaya ya san irin fuskar da nake nufi. Kumatu sun yi ja-ja ko sun yi duhu kamar an ƙona, ƙananan ƙuraje sun feso a hanci da haɓa, wasu da ɗan ruwa a kai, mai fuskar kuma ba ta iya tsayawa a rana ko kusa da murhu saboda raɗaɗi. Abin da muka saba shi ne mu taɓe baki mu ce, “’Yar bilicin ce, ita ta ja wa kanta.” Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Abin da ke fuskar nan cuta ce da likitoci suka san yadda take faruwa, kuma akwai masu cin riba da ita a kasuwanninmu, waɗanda ba wanda ke taɓe musu baki.

Bari mu fara da fatar kanta. Saman fatar mutum gini ne kamar katangar tubali. Matattun ƙwayoyin fata ne tubalan, a jere hawa 15 zuwa 20, wani irin maiƙo da jiki ke yi kuma shi ne laka da ke riƙe su. Katangar ba ta kai kaurin takarda ba, amma ita ke hana ruwan jiki tsiyayewa, ita ke tare ƙura da ƙwayoyin cuta. Tana da ɗan tsami-tsami, wajen 5 a ma'aunin da masana ke kira pH, alhali sabulun wanka na yau da kullum yana kaiwa 9 ko 10. A kan katangar akwai mazauna: bakteriya iri-iri da ke zaune lafiya da mu, har wasunsu na korar miyagun, da wani ɗan ƙwaro mai suna Demodeks wanda bai kai rabin milimita ba, yana kwana cikin ramin gashin fuskar kusan kowane baligi. In katanga na tsaye, kowa na zaune a wurinsa. Hausawa kuwa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai cutar fuska da likitoci ke kira rozasiya, wadda aka ƙiyasta tana damun kusan kashi 5 cikin 100 na manya a duniya. A cikinta katangar nan ta yi rauni, fata na zubar da ruwa fiye da ƙima, Demodeks ya hayayyafa ninkin ba ninkin, garkuwar jiki kuma ta fusata. A 2007 Richard Gallo da abokan aikinsa na jami'ar Kalifoniya a San Diyego suka nuna cewa fatar masu rozasiya tana fitar da wani sinadarin yaƙi da bakteriya, katelisidin, da yawa fiye da ƙima kuma a wata siga mai hura kumburi da buɗe jijiyoyin jini. Wato jiki ne ke faɗa da mazaunan da a da yake zaune lafiya da su. An daɗe ana ɗaukar cutar a matsayin ta Turawa, don ja ya fi fitowa fili a farar fata. A baƙar fata ja yana ɓuya, sai a ce ƙurajen balaga ne ko zafi ne, a yi ta shekaru ana maganin abin da ba shi ba. Wani lokaci har ido take taɓawa, ya yi ja, mutum ya riƙa jin kamar yashi a ciki.

To ga inda kasuwa ta shigo. Akwai irin wannan cuta da ake saye da kuɗi. Duk wanda ya daɗe yana shafa kortizon mai ƙarfi a fuska, irin su kulobetazol da betametazon, yana iya samun abin da likitoci ke kira rozasiyar kortizon. Waɗannan sinadarai su ne ruhin yawancin haɗin man da ake sayarwa don “ƙara haske”. A makonnin farko abin kamar sihiri: suna matse jijiyoyin jini, suna rage launi, suna kwantar da ƙuraje. A ƙarƙashi kuwa suna hana fata yin maiƙon da ke riƙe tubalanta, suna sirantar da ita, suna kwantar da masu gadinta. Demodeks ya samu gari ba sarki. Ranar da yarinya ta ce ta daina, jijiyoyin da aka matse su buɗe gaba ɗaya, fuska ta kama da wuta, ƙuraje su fi na da. Sai ta koma wurin mai shago, ya ce, “Ai kin ga abin da daina shafawa ya ja miki,” ya miƙo mata wanda ya fi ƙarfi. Wallahi ban san wata sana'a da ke ɗaure mai saye kamar wannan ba sai ta ƙwaya.

Ku ɗauki Funbact-A, wanda kusan kowa ya san sunansa daga Kamba har Kano. A jikin kwalinsa an rubuta abin da ke ciki: betametazon, da kulotirimazol mai kashe naman gwari, da niyomaisin mai kashe bakteriya. Magani ne, an yi shi don ciwo na ’yan kwanaki bisa umarnin likita. Mu kuma mun mai da irinsa man shafawa na safe da dare, ana kwaɓa shi da basilin, har jarirai ake shafa wa. Sannan a bi da sabulu mai kaifi da soso a dirje fuska wai don a kashe ƙwayoyin cuta, a kashe masu amfanin tare da miyagun. Sai hunturu ya zo da busasshiyar iskarsa ya ƙarasa abin da ya rage. Ban ma kai ga haidurokinon ba, wanda ke barin baƙin tabo mai wuyar gogewa, ko makuri mai lalata ƙoda, ko yadda kortizon da ya ratsa fata ya shiga jini ke jawo hawan jini da ciwon suga.

Kada wani ya ce mini ƙaramin abu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man sauya launi a kai a kai, Togo kashi 59, Mali kashi 25. Gaya kuwa ƙofa ce. Ga Malanbil a ƙetaren kogi da kayan da ke taso wa daga tashar jiragen ruwan Kwatano, ga Kamba ta jihar Kebbi a gefe guda. Da aka rufe gada bayan 26 ga Yulin 2023, kaya ba su daina zuwa ba, kwale-kwale suka koma bi. Wasu ƙasashe sun motsa: Tarayyar Turai ta hana haidurokinon a kayan kwalliya tun 2001, Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Mu da kayan ke ratsa ƙofar gidanmu fa?

Na san abin da za a ce: ai an yi wa'azi, matan ne ba sa ji. Haba jama'a! Wa ke cewa yana neman mata “fara tas”? Wa ke biyan kuɗin gyaran jikin amarya, ya kuma yi ƙorafi in ba ta “fito” ba? Wa ke zuba mayukan cikin akwatin lefe? Maza nawa ne su ma ke shafawa a ɓoye? Mun kafa kasuwar da ke saka wa haske da miji da aiki da yabo, sannan mu juyo mu zagi wadda ta sayi hajar. Zagin nan ma shi ke hana ta zuwa asibiti. Ta gwammace ta rufe fuska da hoda da ta zauna gaban ma'aikacin lafiya a yi mata kallon mai laifi.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. Jami'an duwan da na kiwon lafiya su ɗauki duk man da ke da kortizon a matsayin magani, wanda wurinsa farmasi ne da takardar likita, a janye shi daga teburin mai turare da hoda. A horar da ma'aikatan asibitin gundumar Gaya da na ƙananan asibitoci su gane wannan cuta a baƙar fata, don ba kowace mace ke da halin tafiyar kusan kilomita 300 zuwa Yamai neman likitan fata ba. Gidajen rediyo da masu talla a Facebook da TikTok su san cewa magani suke tallatawa. Malamai kuma in za su yi wa'azin, su haɗa da mazan da ke sahun gaba.

Ke kuma ’yar uwa da fuskarki ke raɗaɗi, ana warkewa. Ki ɗauki kwalin man ki kai asibiti a ga abin da ke ciki, a tsara miki yadda za ki rabu da shi. Fuskar za ta tayar na wasu makonni, wannan ba alamar kin yi kuskure ba ce. Akwai magunguna irin su metironidazol na shafawa da dokisisikilin na sha, amma likita ne zai zaɓa, don na biyun bai dace da mai ciki ba. Ki ajiye soso da sabulu mai kaifi, ki wanke da ruwa mai ɗan ɗumi, ki shafa mai maras turare, ki kare fuskarki daga rana. Katangar tana sake gina kanta in an bar ta ta huta.

Ku tura wannan ga mai shagon unguwarku kafin ku tura wa ƙanwarku.