Ciwo, Sallama Da Bashin Asibiti: Giɓin Da Dokokin Nijeriya Suka Bari

A ƙofar sashen wankin ƙoda na manyan asibitocin ƙasar nan da wuya a rasa magidancin da watanni kaɗan baya yake karɓar albashi, yau kuwa yana riƙe da takardu biyu. Ɗaya ta likita ce, mai cewa tilas a yi masa wanki sau biyu ko uku a mako. Ɗayar ta kamfani ce, mai gode masa saboda hidimar da ya yi. Galibi akan ɗauki irin wannan hali a matsayin jarrabawar gida ɗaya, a yi wa mai shi addu'a, a tara masa abin da ya sawwaƙa. To amma al'amarin ya shafi tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya, domin a nan ne iyalin da ke tsaye da ƙafafunsu kan zama mabarata, kuma a nan ne jarin da aka yi shekaru ana tarawa kan narke cikin 'yan makonni.

Lissafin a bayyane yake. Kafin Gwamnatin Tarayya ta shigo da tallafi a shekarar 2025, kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya a asibitocinta ya kai wajen Naira 50,000. Sau uku a mako ke nan Naira 600,000 a wata. Tallafin ya sauko da kuɗin zuwa Naira 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, ciki har da na koyarwa na Maiduguri da cibiyar kiwon lafiya ta tarayya da ke Azare, kuma wannan abin yabawa ne. Duk da haka, wanki 12 a wata ya kama Naira 144,000, wato ya ninka mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024. Ba a haɗa da allurar ƙarin jini ba, balle gwaje-gwaje da kuɗin mota da abincin mai jinya. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana aiki da shi ya nuna cewa gidan da ya kashe sama da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu a kan magani ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Wanda albashinsa ya tsaya kuwa, ba shi ma da abin da za a auna kason da shi.

Asalin matsalar ya daɗe. Tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986, da tsarin Bamako na 1987 wanda ya kawo asusun jujjuya kuɗin magani, nauyin jinya ya riƙa sauka daga wuyan gwamnati yana komawa kan mai ciwo. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kai wa wannan adadi ba. Sakamakon haka, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Daɗin daɗawa, janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar Naira a watan Yuni sun tsawwala farashin magunguna, waɗanda mafi yawansu ko kayan haɗa su daga waje ake shigo da su. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya bayyana rufe harkarsa ta kai tsaye a ƙasar nan, sannan hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024.

To me doka ta tanada wa ma'aikacin da ciwo ya kwantar? Dokar Ƙwadago, wadda aka gada tun mulkin soja na farkon shekarun 1970, ta ba shi kwanaki 12 na aiki a shekara da za a biya shi albashi yana jinya, muddin likita ya tabbatar. Kwanaki 12 sun isa zazzaɓin cizon sauro, amma ba su isa shanyewar ɓarin jiki ko ciwon daji ba. Bayan sun ƙare, sai abin da yarjejeniyar aiki ta ƙunsa, ko kuwa tausayin ubangida. Ita dai wannan doka ta ce wanda ya yi shekara biyar ko fiye a wurin aiki, gargaɗin wata ɗaya ya wadatar kafin a sallame shi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, ta takaita ne ga rauni ko cutar da aikin ya haddasa. Wanda hawan jini ya lalata wa ƙoda ba shi da rabo a ciki.

Inshorar lafiya ma ba ta cike giɓin ba. An kafa shirin na ƙasa da doka a 1999, ya soma aiki a 2005, sannan a watan Mayun 2022 aka sa hannu kan sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA ta kuma wajabta inshora a kan kowa. Ya zuwa 2025 waɗanda suka yi rajista kimanin miliyan 20 ne, a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200. Babban lahanin tsarin shi ne an ɗaure inshorar ma'aikaci da takardar albashinsa. Muddin yana da ƙoshin lafiya yana zuwa aiki, ana biyan kuɗin. Ranar da ciwo ya raba shi da aikin, biyan ya tsaya, katin asibiti kuma ya mutu, nasa da na matarsa da na 'ya'yansa. Laimar da ke buɗewa da rani ta rufe da damina ba ta yi wa mai ita rana ba.

Abin da ke biyo baya sananne ne a kowace unguwa. Da farko ajiya ce ke tafiya, sai kuɗin adashi, sai tumakin uwargida da 'yan kunnenta. Daga nan a sayar da babur ko keken ɗinki, wato ainihin abin da ke kawo na cefane. Sai a jinginar da gona ko fili a kan farashin da mai saye ya ga dama, domin ya san mai sayarwa ba shi da lokacin ciniki. A ƙarshe a cire yara daga makaranta, babbar 'ya ta koma jinya, ɗa kuma ya shiga ga-ruwa ko acaɓa. Ta haka ciwon mutum ɗaya kan zama talaucin zuri'a guda. Mazauna Kakuri da Makera a Kaduna sun ga irin wannan da idanunsu bayan rufe masaƙun da suka riƙe dubban gidaje, lokacin da tsofaffin ma'aikata da dama suka yi ta jinya suna jiran haƙƙoƙinsu.

Masu kamfanoni suna da hujjar da ya kamata a saurara. Ƙaramar masana'anta mai ma'aikata 20, wadda ke fama da tsadar man gas da ruwan bashin banki, ba za ta iya biyan albashin wanda ba ya aiki har shekara guda ba. Idan aka tilasta mata, abin da zai faru shi ne ta daina ɗaukar masu yawan shekaru, ko ta koma ga 'yan ƙwadagon yini. Gaskiya ne. Amma wannan hujja ce ta a raba nauyin a kan jama'a da yawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin inshora, kuma wasu ƙasashe sun gwada. A Amurka, dokar da aka sa wa hannu a 1986 ta ba wanda ya rasa aiki damar ci gaba da inshorar wurin aikinsa har wata 18, sai dai shi zai biya kuɗin gaba ɗaya, abin da kan gagari mutane da yawa. Ghana kuwa, a dokarta ta 2003, ta ɗora mafi yawan kuɗin inshora a kan harajin kashi 2.5 cikin 100 na kayan masarufi, saboda haka katin bai dogara ga samun aikin albashi ba.

Bisa ga wannan, akwai matakai huɗu da suka kamaci hukumomi. Na farko, a tanadi cewa inshorar wanda aka sallama ta ci gaba da aiki na aƙalla wata shida, a biya daga wani asusu na bai ɗaya da ake zuba wa ƙaramin kaso na gudummawar kowane wata. Na biyu, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta sake duba batun kwanaki 12, ta kuma hana sallamar mai jinya sai bayan kwamitin likitoci ya duba shi. Na uku, a zuba kuɗi na gaske a asusun marasa galihu da dokar 2022 ta tanada, domin binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba su da takardar albashi ko kaɗan. Harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, wanda Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo, ya dace a keɓe shi ga wannan asusu. Na huɗu, a faɗaɗa tallafin wankin ƙoda da asusun ciwon daji zuwa asibitocin jihohi, don kada kuɗin mota ya cinye rangwamen.

Kafin gyaran ya zo, akwai abubuwan da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani. Kada ya yi gaggawar rubuta takardar ajiye aiki don an lallashe shi, sai ya nemi shawarar ƙungiyar ƙwadago ko lauya, domin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da hurumin sauraren ƙarar sallamar da ba ta dace ba. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cirar kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa idan ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, kuma ta buɗe ƙofar ritaya ga wanda likita ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba. Saboda haka wajibi ne ya riƙa duba ko ana zuba masa kuɗin a kan kari tun yana da lafiya. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin na Kano da Kaduna da Jigawa, suna karɓar rajistar masu zaman kansu, kuma gara a shiga kafin ciwo ya zo. Asibitocin koyarwa suna da sashen jin daɗin marasa lafiya, wasu jihohi kuma suna da hukumomin zakka, babu kuma abin kunya a neman haƙƙin da aka tanada. Idan sayar da kadara ta zama dole, abin sana'a shi ya kamata ya zama na ƙarshe.

Zumunci da gudummawar masallaci da coci sun riƙe mutane da yawa, amma dangin da ake dogara da su su ma tsadar rayuwa ta rage masu ƙarfi. Magidancin da ke zaune a ƙofar sashen wankin ƙoda ya biya haraji, an cire masa fansho, an cire masa kuɗin inshora shekara da shekaru. Ya sauke nasa nauyin. Saura Majalisar Dokoki ta Ƙasa da Ma'aikatar Ƙwadago da hukumar NHIA su sauke nasu, ta hanyar tabbatar da cewa takardar sallama ba ta kashe katin asibiti ba.