Raddi ga masu kiran Filini Ƙarami raggon gwamna

Akwai maganar da ake ta maimaitawa a kan Filini Ƙarami, ɗan majalisar dattawan Rum da Sarki Tarajan ya tura mulkin lardin Bitiniya, a arewacin Turkiyya ta yau, wajen shekara ta 110. Wai raggo ne, ko tari zai yi sai ya rubuta wa sarki. Hujjarsu ɗaya tak: yawan wasiƙunsa.

Na farko, sun ƙirga wasiƙun ne ba su karanta ba. Mutumin da ya riƙe baitulmalin soja, ya riƙe babban baitulmalin Rum, ya kai matsayin konsul a shekara ta 100, shi ne bai san aikinsa ba? Haba! Lardin da aka miƙa masa ya riga ya ruɓe. Gwamnoni biyu da suka gabace shi, Basus da Barenus, mutanen Bitiniya sun kai ƙararsu Rum, kuma Filini ne ya tsaya wa gwamnonin a gaban majalisa, don haka ya san cikin tafiyar. Yana isa ya fara da littattafan kuɗin birnin Burusa. A Nikomidiya ya tarar an narkar da sestas (kuɗin Rum) 3,318,000 a kan magudanar ruwan sha da aka watsar, aka ƙara 200,000 a kan wata, ita ma aka watsar. A Nikiya, gidan wasan da ya lashe sama da miliyan 10 ya fara tsagewa tun ba a gama shi ba. Wanda sarki ya aiko takanas don ya tono wannan ɓarna, wa ake so ya ba rahoto in ba sarkin ba?

Na biyu, da shawara yake zuwa. Bayan gobarar Nikomidiya ya nemi a kafa ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta mutum 150. Tarajan ne ya ƙi, don tsoron kada ta rikiɗe ta zama ƙungiyar siyasa.

Na uku, batun Kiristoci, wanda tabo ne a tarihinsa. Sau uku yake tambayar wanda aka kawo ko shi Kirista ne, in ya dage sai ya sa a kashe shi. Har bayi mata biyu ya sa aka azabtar. Sai da ya zartar sannan ya rubuta wa sarki. A kira wannan zalunci, amma kada a kira shi ragwanci.

Wata shawarar da ya zo da ita kuma ita ce ta kwatar birnin Amastiris mai wari, wadda ya nemi izinin rufewa. Tarajan ya amince nan take.