Lalita cikin salula: mabuɗin yana hannun wa?

A ƙasashe da dama, matafiyi ya daina ɗaukar tikitin takarda da katin banki cikin aljihu. Duka sun koma cikin wayar salula, a wata ma'ajiya da ake kira lalitar waya. Kamfanin Google na Amurka ya fito da tasa a 2011. Kamfanin Apple ya biyo baya a 2012 da ma'ajiyar tikiti, sannan ya ƙara mata biyan kuɗi a 2014.

Ga yadda abin yake aiki. Mai waya yana shigar da katinsa sau ɗaya, sai banki ya ba wayar wata lamba ta musamman a madadin lambar katin. In ya tashi biya, sai ya buɗe wayar da yatsa ko da fuskarsa, ya kusantar da ita ga na'urar mai kanti. Mai kanti ba ya ganin lambar kati ta gaskiya, don haka sata ta yi wuya. Tikiti kuwa yakan fito da tambari mai ɗige-ɗige wanda na'ura ke karantawa a bakin ƙofa. A wasannin Olamfik na birnin Paris, a 2024, ta waya kaɗai aka raba tikitin ƴan kallo.

Amfanin a fili yake. Amma akwai tambayar da ta kamata hukumomi su yi wa kansu: wa ke da ikon rufe wannan lalita?

Amsa ta fito daga Rasha a 2022. Da yaƙin Ukraine ya ɓarke, aka ƙaƙaba wa manyan bankunan ƙasar takunkumi, sai katunansu suka daina aiki cikin Apple Pay da Google Pay. A watan Maris, Visa da Mastercard suka dakatar da ayyukansu a can. Mutum yana da kuɗinsa a banki, wayarsa lafiya lau, amma ta ƙi biya, domin an yanke hukunci a wata nahiya.

Ƙasashen Turai ma sun farga. A Yulin 2024, hukumar Tarayyar Turai ta sa Apple ya amince ya bar wasu kamfanoni su yi amfani da hanyar biya ta wayoyinsa. A 2024 ɗin kuma Tarayyar ta kafa dokar da ta wajabta wa kowace ƙasarta ta tanadar wa jama'arta lalitar shaidar ɗan ƙasa. Indiya ta gina tata hanyar biya, UPI, tun 2016, Brazil kuma ta kafa Pix a 2020.

Ƴan Nijar ba baƙin wannan darasi ba ne. Daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, takunkumin CEDEAO da UEMOA ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a bankuna, ma'aikata da ƴan kasuwa suka sha dogon layi. A nan, abin da talaka ya sani shi ne aika kuɗi ta salula ko ta gidajen aika kuɗi irin Nita da Amana. Sai dai kowane kamfani da tasa hanya. Don haɗa su ne babban bankin BCEAO ya buɗe tsarin biyan nan take, PI-SPI, a Satumban 2025.

Ke nan, kafin tikitin mota, takardar haraji ko katin shaida su koma cikin waya, akwai sharuɗɗa uku. Na farko, hanyar da kuɗin ke bi ta kasance ƙarƙashin dokar ƙasa. Na biyu, a san inda ake ajiye bayanan jama'a da wanda ke iya duba su. Na uku, kada a soke takarda, domin manomin da ba ya da babbar waya, ko wanda batirinsa ya mutu a tasha, shi ma ɗan ƙasa ne mai haƙƙin tafiya. Magabata sun ce zanen aro ba ya rufe katara.