Takardar Da Ba Ta Ce I Ba, Ba Ta Ce A'a Ba

'Yan'uwa manoma, maza da mata, yanzu ana yi wa mata gwajin bakin mahaifa a manyan asibitoci. Amma sau da yawa akan miƙa wa mace takarda mai haruffa ASC-US, ba tare da bayani ba. Wata takan koma gida da kuka, tana zaton ciwon daji ya kama ta. Wata kuwa sai ta tura takardar ƙarƙashin tabarma ta manta. Duka biyun kuskure ne, kuma laifin ba na matan kaɗai ba ne.

Ga yadda abin yake. A gwajin da ake kira Pap, akan shafo bakin mahaifa, a duba abin da aka shafo da madubin likita. A shekarar 1988 masana suka taru a garin Bethesda na Amurka, suka shirya sunaye iri ɗaya na rubuta sakamako. ASC-US ɗaya ne daga cikinsu. Ma'anarsa ita ce, an ga ƙwayoyin jiki da suka ɗan sāke kama, amma ba a tabbatar da dalili ba. Kumburi yakan kawo haka, ko bushewar da ke zuwa bayan ɗaukewar al'ada, ko kuwa ƙwayar cutar HPV.

Kowane manomi ya san shibra. Tun tana ƙarama, da wuya ka bambanta ta da gero. Ba ka nome gonar duka saboda shakka, ba ka kuma yi barci. Sai ka koma ka sāke dubawa. Haka wannan sakamako yake. Likita zai ce a yi gwajin HPV, ko a sāke gwajin Pap bayan shekara ɗaya. In an sami HPV, sai a duba bakin mahaifa da madubi na musamman. In an ga tabo, ana iya kashe shi da sanyi ko da zafi, mace ta koma gida a ranar.

Akwai lokaci, amma ba na wasa ba. Kusan duk ciwon dajin bakin mahaifa HPV ke kawo shi, kuma iri biyu, 16 da 18, su ke kawo wajen kashi 70 cikin 100. Yawanci jiki yakan kori ƙwayar da kansa. Inda ta zauna, takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama daji. Ga mace mai ƙanjamau kuwa, shekara 5 zuwa 10 sun isa.

A ganinmu, ma'aikatan asibiti suna da hakki biyu a wuyansu. Na fari, su faɗa wa mace ma'anar takardarta da harshen da take ji, su rubuta mata ranar komowa. Na biyu, su shigar da sakamakon daidai a littafi. A jerin lambobin cututtuka na ICD-10, irin wannan sakamako yana ƙarƙashin R87.6, ciwon dajin bakin mahaifa kuwa C53 ne. Akawun da ya haɗa su ya ɗora wa mace ciwon da ba ta da shi.

Mu ma muna da namu aikin. Abin da ke hana mace komawa, yawanci kuɗin mota ne da izinin maigida. Ƙungiyar da ke ba da rancen taki za ta iya ware kuɗin mota daga asusunta. Maigida, kada ka zargi matarka. HPV ta zama ruwan dare, maza ma suna ɗauke da ita ba su sani ba. Raka ta asibiti, ko da ana tsakiyar girbi.

A watan Oktoba 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV. Mu kai 'ya'yanmu. A taron ƙungiya mai zuwa kuma, a sa maganar kuɗin mota cikin abin da za a tattauna.