Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Jama'a, akwai wata cuta da kan kama mu duk sa'ad da jam'iyyu suka buga gangar zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa, kuma lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Mutanen da suka shekara suna cin tuwo a akushi ɗaya, katinsu ɗaya, tutarsu ɗaya, sai a wayi gari wannan na kiran wancan munafuki, wancan na kiran wannan ɗan amshin shata, don kawai kowa da gwaninsa. Mun gani a teburin mai shayi a 'Yankwashi da Karkarna, haka abin yake a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Mun san gidan da wa da ƙane suka yi wata uku ba sa gaisawa, har sai da rasuwa ta haɗa su a tabarma ɗaya. Abin mamaki, kowane ɓangare kalma ɗaya yake ɗagawa, wato adalci.

To, wane irin adalci ne wannan da ba ma tunawa da shi sai ranar da namu ya faɗi? In an sauya sunayen wakilai cikin dare namu ya ci, sai mu ce ai siyasa dabara ce. In an yi mana irin haka, sai mu ce an yi fashi da rana tsaka. Laifi tudu ne, mun take namu muna hangen na wasu.

Dattawanmu ba su manta da 1992 ba. Jihar Jigawa na da shekara ɗaya da kafuwa, jam'iyyu biyu ne kacal, SDP da NRC, waɗanda gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙira. A watan Satumba aka yi zaɓen fid da gwani, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya shige gaba a SDP, a NRC kuwa aka bar Malam Adamu Ciroma da Alhaji Umaru Shinkafi suna kankankan. Ba mu ce ba a yi maguɗi ba, ba mu ce kuɗi bai yi aiki ba. Amma waɗanda suka sha kaye ba su tsaya an gyara ɓarnar a cikin gida ba, sai suka kai kuka wurin soja, magoya baya na tafa musu. Soja kuwa dama abin da yake jira ke nan. A watan Oktoba aka soke zaɓen, a watan Nuwamba aka haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa, mai ƙara da wanda ake ƙara duka, aka kuma ɗage miƙa mulki daga Janairu zuwa Agustan 1993. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Wanda aka koya wa soke zaɓe sau ɗaya, me zai hana shi ƙarawa? A watan Maris na 1993 SDP ta tsayar da Cif Abiola a Jos, NRC ta tsayar da Alhaji Bashir Tofa a Fatakwal. Ranar 12 ga Yuni mutanen Jigawa da Kano suka ba Abiola rinjaye, ba su duba yare ba. Kafin wata ya ƙare an soke wannan ma. Kafin shekara ta ƙare Janar Abacha ya hau, ya rushe jam'iyyun biyu. 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997, Abiola ya rasu a tsare a 1998. Ina ribar waɗanda suka fasa wa juna kai a layin zaɓe?

Wani zai ce ai wancan zamanin soja ne. To, mu zo 2022. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar 'Yankwashi sama da mutum 95,000. Mutum nawa ne daga cikinsu suka jefa ƙuri'a a zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa? A APC wakilai uku aka ba kowace ƙaramar hukuma, a PDP kuwa ɗaya tal. Wato mun yi ta zage-zage a kasuwa da rediyo da Facebook a kan zaɓen da ba a gayyace mu ba. Kuɗin takardar tsayawa kaɗai Naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP. Jaridu sun yi ta ba da labarin dalolin da aka raba wa wakilai a masaukansu a Abuja, mu kuwa da muka bushe maƙogwaro ko kuɗin mota ba mu gani ba.

Bugu da ƙari, su manyan da muke yi dominsu ba sa riƙe juna a zuci kamar yadda muke yi. Alhaji Badaru Abubakar, ɗan Babura, gwamnan Jigawa a lokacin, ya shiga takarar APC, amma a filin taro ya janye wa Bola Tinubu, a 2023 kuma aka naɗa shi ministan tsaro. Wannan lissafinsa ne, haƙƙinsa ne kuma. Amma yaron da ya zagi maƙwabcinsa saboda shi fa, wa zai je ya ba da haƙuri a madadinsa? Alhaji Sule Lamiɗo ya sami ƙuri'a 96 a Fatakwal a 2018, Atiku Abubakar ya sami 1,532, kuma aka ci gaba da zama jam'iyya ɗaya. Nyesom Wike ya sha kaye a hannun Atiku a 2022 da ƙuri'a 237 a kan 371, ya ja wasu gwamnoni huɗu suka juya wa ɗan takararsu baya, ya ƙare da kujerar ministan Abuja a gwamnatin abokan hamayya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ku dubi kuma abin da rabuwar kai kan jawo. A farkon 2022 Atiku da Peter Obi da Rabi'u Musa Kwankwaso duk 'yan PDP ne. Da aka zo zaɓen 2023 kowa da tutarsa, su ukun suka tara ƙuri'a sama da miliyan 14, Tinubu ya ci da ƙasa da miliyan 9. Ba kukan wata jam'iyya muke yi ba, don gobe yana iya faɗawa kan kowa.

Masu zafin kai za su ce, ashe in an zalunce mu sai mu yi shiru ke nan? A'a, ba mu ce haka ba. Cewa muka yi tun ran gini ran zane. A watan Disamba na 2014 a Legas an ƙirga ƙuri'un APC a bainar jama'a: Buhari 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954. Waɗanda suka faɗi suka amince, magoya baya suka haɗu, jam'iyyar ta ci zaɓen 2015. Ashe abin da ke kashe rigima shi ne ƙa'idar da kowa ya yarda da ita tun kafin a san wanda za ta amfana.

Saboda haka ga inda ya kamata ƙarfinmu ya tafi. Mu nemi a liƙa rajistar 'yan jam'iyya a kowace mazaɓa kowa ya gani. Mu halarci taron zaɓen wakilai, kada mu bari a rubuta sunaye a falon wani. In wakilinmu ya dawo daga Abuja, mu tara shi mu tambaye shi wa ya zaɓa, kuma don me. Dokar Zaɓe ta 2022 ta amince da zaɓen ƙato bayan ƙato, inda kowane mai kati ke da ƙuri'a. Mu matsa wa jam'iyyunmu a kansa, mu kuma tsare shi, don shi ma ana murɗe shi in aka yi sake. Kuma duk maguɗin da aka yi don namu ya ci, mu fara la'antarsa da bakinmu kafin abokin hamayya ya buɗe nasa. Wanda ya kasa wannan, to, kada ya ƙara ambaton adalci a gabanmu.

Ɗan takara zai zo ya wuce a mota mai baƙin gilashi. Maƙwabcin nan da muka zaga shi zai ara mana galma da damina, shi zai ɗauki makararmu ranar da ta Allah ta kasance. Allah Ya ba mu ikon gane gaskiya da bin ta, amin.