Cin fuska ba ya fitar da gaskiya a masana'antun ƙasar Sin

Duk ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Guangzhou ko Yiwu ya saba jin kalmar "mei wenti", wato babu matsala. Amma sau da yawa sai kaya sun iso Maraɗi ko Birnin Ƙonni sannan a tarar launi ya bambanta, ko awon takalmi bai yi daidai ba. Nan take sai a ce an cuce mu. Macuta dai ko'ina akwai su, amma a ganina galibin irin wannan asara daga kunya take fitowa.

Sinawa suna da abin da suke kira "mianzi", ma'anarsa fuska. Tun a 1944 masaniyar al'adu Hu Hsien-chin ta raba shi biyu: "lian", mutuncin da halin kirki ke jawo wa mutum, da "mianzi", girman da yake samu a idon jama'a. A wurin aiki, tsoron zubar da wannan girma yana ɗaure baki. Ma'aikacin da bai fahimci awo ba sai ya yi shiru, don kada a ce bai iya aiki ba. Wanda ya ga kuskuren shugabansa ba zai gyara masa a gaban mutane ba, domin hakan cin fuska ne. Ta haka kuskuren da mutum uku suka gani yake shiga kwantena, mai masana'anta bai sani ba.

Labarin gaskiya yakan fito ne a keɓe, ko wurin cin abinci, tsakanin waɗanda suka yarda da juna. Saboda haka Alhajin da ya ɗaga murya kan dillalinsa a gaban yaransa ya toshe wa kansa hanyar jin labari. Gobe dillalin zai ƙara cewa babu matsala, ko da akwai.

Ya ku ƴan kasuwa, ku ja mutum gefe ku tambaye shi. Maimakon "ka gane?", ku ce ya nuna muku samfuri, a rubuta awo da launi da adadi, a duba kaya kafin a loda. Wanda ya faɗa muku aibin kaya tun da wuri, ku gode masa a gaban shugabansa, ku rufa masa asiri. Mu da muka san darajar kunya bai kamata wannan ya yi mana wuya ba.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.