Wa Ya Ke Tambayar Tsohon Manomi?

Jama'a, akawu in ya tsufa yana da fansho. Manomi fa? Ran da baya ya ƙi sunkuyo, sai abin da 'ya'ya suka kawo, in ba su gudu birni ba.

A Amurka, tun 1992 Jami'ar Mishigan ta ke bin dubban mutane da suka haura shekara 50, ko wace shekara biyu a koma a tambayi lafiyarsu da abin hannunsu. Ingila ta bi a 2002, ƙasashen Turai a 2004, sa'an nan Sin da Indiya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, don a auna tsofaffin ko wace ƙasa da mudu ɗaya. Mu kuwa ko ƙidayar jama'a rabonmu da ita tun 2006.

To, ga Kongo, inda aka fara horar da akawuna, ga kuma masanan noma a Samaru. Su haɗa kai su shigar da Arewa cikin wannan aiki mana. Sai dai kada a tambayi mai gona yaushe ya yi ritaya, dariya zai yi. A tambaye shi wa ya ke masa huɗa, kuma a wane wata rumbunsa ya kan ƙare.